Injiniyan Na'urorin Asibiti: Gwamnati, Kamfani, Ƙungiya, ko Shagon Kanka?

Duk lokacin da 'yan bautar ƙasa suka kusa cire kaki, tambayar nan sai ta dawo mini. Yaro ya karanta injiniyancin na'urorin asibiti, ko lantarki, ko kanikanci, ya yi shekara guda a wani asibiti yana bin oga da akwatin kayan aiki, yanzu kuma hanya ta rabu masa. Kawunsa na cewa ya nemi aikin gwamnati ko ta halin ƙaƙa. Abokinsa na Legas na turo masa hoto sanye da rigar kamfani, ya jingina da ƙofar ɗakin MRI, babban injin ɗaukar hoton cikin jiki. Wani kuma ya ce masa duk ɓata lokaci ne, ya kama shago ya ci gashin kansa. To ƙanena, da kai nake. Ke ma ƙanwata da ke nake, ko da yake zan riƙa cewa "kai" don magana ta tafi da sauri.

Aikin dai yana nan, ba ya yankewa. A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke ta Amurka sun duba bayanan na'urori fiye da dubu 112 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Wanda ya taɓa zagayawa bayan wani babban asibiti a nan Arewa, inda ake jibge gadaje da kwalaben jarirai da injinan da ƙura ta binne, ba sai an karanta masa lissafi ba. Wani binciken na Malkin ɗin ya nuna kashi 72 cikin ɗari na na'urorin da aka duba an tashe su ba tare da an yi odar komai daga waje ba. Fis ne, ko waya, ko batir, ko roba mai yoyo, ko kuma mai amfani da na'urar ne ba a koya masa ba. Ashe abin da ya yi ƙaranci hannu ne. Saboda haka tun kafin mu fara auna komai, ga inda na tsaya: aikinka na farko ka zaɓe shi bisa abin da zai koya wa hannunka, albashi ya biyo baya.

Da me za a auna?

Ma'auni biyar nake ɗora kowace hanya a kai. Na farko koyo: waɗanne na'urori za a bari ka buɗe, kuma wa zai tsaya a kanka yana gyara maka kuskure. Na biyu kuɗi, kuma shi fuska biyu gare shi, abin da za ka kashe kafin ka shiga da abin da zai riƙa shigowa aljihu. Na uku ɗorewa: shekara biyar nan gaba aikin yana nan, ko iska ta kwashe shi? Na huɗu sauƙi, na shiga da na zama a ciki, har da maganar iyali da tafiye-tafiye. Na biyar haɗari. A wannan sana'a haɗarin bai tsaya a jikinka ba, domin a ƙarshen kowace waya da ka haɗa akwai mara lafiya a kwance.

Maganar takarda ma tana shiga ciki. Akwai masu digiri daga jami'o'i irin su Ilori, Legas da FUTO ta Owerri, akwai masu difloma daga makarantun da ke cikin wasu asibitocin koyarwa, akwai kuma ɗimbin waɗanda lantarki ko kanikanci suka karanta suka faɗo cikin harkar. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar masu aikin injiniya, kuma ta raba su aji huɗu, daga cikakken injiniya zuwa mai sana'ar hannu. A gwamnati takardarka ce ke yanke matakin da za ka fara da inda za ka tsaya. A kamfani da shago kuwa, wanda ya tayar da na'ura shi ne injiniya a ranar.

Asibitin gwamnati

Nan ce makarantar da ba ta da kamarta wajen yawan abin gani. A asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, kafin azahar za a iya kiranka wuri biyar: na'urar awon jini ta daina hawa, ta zuƙe majina ba ta ja, fitilar tiyata ɗaya ta mutu, tukunyar dafa kayan aiki ta ƙi kaiwa maki 121, ma'auni ya nuna ingancin ruwan wankin ƙoda ya canza. Kaya na kowace ƙasa kuma na kowane zamani, na Jamus, na Sin, na Indiya, da na sadaka daga Amurka masu cin wuta 110 da wani zai cusa a soket ɗinmu na 230 ya ji ƙauri. Shekara uku a irin wannan wuri, in kana da zuciyar koyo, ka daina tsoron buɗe kowace na'ura.

Wani hunturu aka kira ni ɗakin yara a asibitin da nake aiki a lokacin. Sista ta tare ni a ƙofa ta ce, "Injiniya, injin oksijin ɗin lafiyarsa ƙalau, ga ƙwallon nan yana tashi, amma yaron ya ƙi ɗagowa." Gaskiyarta, ƙwallon yana kan lita biyu, ruwan kwalbar yana ta kumfa. Na sa ma'aunin tsaftar iska a bakin bututun, ko kashi 60 bai kai ba, alhali lafiyayyen inji sama da 90 yake bayarwa, kuma in ya sauka ƙasa da 82 bai kamata a bar shi a jikin mutum ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin. Injin yana tura ta cikin tulu biyu da aka cika da wani yashi mai suna ziyolait, yashin ya riƙe naitirojin ya saki oksijin. Ƙurar hunturu ta toshe matata, danshin damina da ya wuce ya kashe yashin, fitilar gargaɗi kuwa ta daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Ƙwallon gudun iska kawai yake nunawa, ba ruwansa da ingancinta. Muka mai da yaron kan tukunyar oksijin, na wanke matata, na rubuta takardar neman sabon tulu.

Wannan takarda ita ce ɗaya fuskar aikin gwamnati. Daga ofis zuwa ofis, sa hannu bayan sa hannu, ta yi watanni tana yawo. Kuɗin asibitocin tarayya yana asusun bai-ɗaya tun 2015, sayayya kuma tana bin dokar 2007, babu mai zaro kuɗi daga aljihun tebur ya ba ka. Kafin a amince, farashin da ɗan kasuwa ya bayar ya tashi, sai a koma farko. Wanda ya yi aiki tsakanin Yunin 2023 da Fabrairun 2024, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, ya ga fayil-fayil da yawa sun mutu a haka. Injin nan sai da na ciro masa tulu daga wani ɗan'uwansa da ya ƙone.

Kuɗi: ba ka kashe komai wajen shiga sai kuɗin mota da na takardu, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ka riƙe aljihunka. Albashin asibitocin tarayya yana kan CONHESS, tsarin albashin ma'aikatan lafiya, matsakaici ne, yana zuwa a kan kari. Na jihohi ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma yawanci bai kai na tarayya ba. Ɗorewa kuwa babu wanda ya kama ƙafarsa: fansho na karo-karo, kai kashi 8 gwamnati kashi 10, har ka cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Kana kwana a gidanka, kana ganin 'ya'yanka, sai dai kiran dare in kana kan juyi. Wahalar ita ce shiga. Gurbi kaɗan ne, ba kullum ake tallarsa ba, masu nema kuma sun yi yawa.

Haɗarin da na fi ji wa matashi a nan shi ne mutuwar hannu. In ka faɗa wurin da shugabanni ba su san bambancin injiniyan na'ura da mai gyaran wuta ba, za ka ƙare a ɗaura fanka da canza soket. Manyan na'urori kuma, irin su injinan hoto na CT da MRI da injin gashin cutar daji, galibi suna ƙarƙashin yarjejeniyar kamfani, aikinka ka buɗe wa injiniyansu ƙofa ka sa hannu in ya gama. Shawarata, kada ka buɗe ƙofa ka koma ofis. Tsaya a bayansa, riƙe masa tocila, yi ta tambaya har ya gaji da kai.

Kamfani ko wakilin kamfani

A nan a bambanta abu uku da sukan zo da suna ɗaya. Akwai masu ƙera na'ura da kansu, irin su GE HealthCare, Siemens Healthineers, Philips, Mindray, Dräger, Fresenius. Akwai wakilansu na ƙasa masu takardar izini, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan injiniyoyi a Najeriya. Akwai kuma ɗan kwangila mai jaka, wanda ya ci tayin kawo kaya sau ɗaya yana neman yaron da zai haɗa masa. Na ukun nan ba kamfani ba ne, kada rigar da zai ɗinka maka ta ruɗe ka.

In asibitin gwamnati faɗi ne, kamfani zurfi ne. Za a ɗora ka kan iri ɗaya ko biyu, a ba ka littafin gyara na asali, da lambar sirrin shiga cikin manhajar na'ura wadda injiniyan asibiti ba ya samu, in ka yi sa'a a tura ka horo a masana'anta. A nan za ka gane me ya sa MRI ba ta son ɗaukewar wuta ko da ba a aiki da ita: maganaɗisunta yana jiƙe cikin ruwan hiliyom mai sanyin maki 269 ƙasa da sifili, in na'urar sanyaya shi ta tsaya hiliyom ya fara tsiyayewa, cika shi kuma kuɗin waje ne masu nauyi. A nan za ka riƙe kwan da ke fitar da hasken hoto a injin CT da hannunka, abin da farashinsa ke kaiwa dubban daloli goma-goma, ka san cewa kuskure ɗaya wajen ɗaura shi ya fi albashinka na shekaru. Takardar horon masana'anta ita ce jari mafi tsada a wannan sana'a, ko'ina ka je da ita ana saurarenka.

Ɓangaren ɗakin gwaje-gwaje yana da tsarinsa daban, kuma ba a cika gaya wa matasa ba. Kamfani yakan ajiye wa asibiti na'urar gwajin jini ba tare da an biya kuɗinta ba, bisa sharaɗin a riƙa sayen sinadarai a wurinsa. Ranar da na'urar ta tsaya, cinikin kamfani ya tsaya, saboda haka injiniyan da ke kula da ita ba abin wasa ba ne a wurinsu. Ana kuma ɗaukar masu koyar da ma'aikatan asibiti yadda ake sarrafa na'ura, aikin da ya fi son baki da haƙuri fiye da sukundireba.

Albashi ya fi na gwamnati a kamfanonin kirki, ga alawus na tafiya. Amma kuɗin nan da guminka ake biyan shi. Ofisoshin suna Legas da Abuja, kai kuwa da ka iya Hausa za a ce duk Arewa taka ce: yau Sakkwato, jibi Gombe, ranar Juma'a a kira ka Yola. Hanyoyin nan kowa ya san halin da wasunsu ke ciki, kuma ba kowane kamfani ke biyan jirgi ba. Ka tambayi wannan tun a zaman ganawa. Ka kuma karanta takardar alkawari da kyau, domin wanda ya tura ka horo waje yakan ɗaure ka da wasu shekaru, in ka tafi kafin wa'adi ka biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗorewarsa matsakaiciya ce. In dala ta yi tsalle asibitoci suka daina sayen kaya, ko masana'anta ta ƙwace wakilci ta ba wani, rage ma'aikata ke biyo baya. Sai dai wanda ke da horon masana'anta ba ya daɗewa a zaune, sau da yawa sabon wakilin ne ma zai neme shi. Haɗarin jiki ya fi yawa a nan: wutar lantarki mai ƙarfin gaske a injin hoto, tururin radiyeshin wanda ya sa dole ka rataya ma'auninsa a ƙirji kamar yadda NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar radiyeshin, ta tanada, da maganaɗisun MRI da ke iya fizge tukunyar oksijin daga hannun mutum. Akwai kuma haɗarin ƙuntata. Na san gwanaye a CT waɗanda in ka ajiye musu kwalbar jariri sai su tsaya suna kallonta.

Ƙungiyoyin tallafi da ayyukan masu ba da agaji

Annobar korona ta 2020 ta buɗe wannan ƙofa sosai, domin ita ta tona asirin ƙarancin oksijin. Aka shigo da injinan tace iska, aka kafa masana'antun oksijin a asibitoci da tallafin irin su Global Fund da UNICEF, kuma duk suna bukatar mai kula. Ga firijin rigakafi masu aiki da hasken rana da dole su tsaya tsakanin maki 2 da 8. Ga na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, wadda ba ta son ɗaki ya wuce maki 30, ka kuwa san yadda Afrilu yake a Katsina ko Nguru. Ga shirin NEST360 na kayan kula da jarirai sabbin haihuwa.

Albashi a nan yakan fi na kowa, kuma za ka koyi abin da sauran hanyoyin ba sa koyarwa: ƙidayar kayan jiha guda, tsara jadawalin kulawa kafin lalacewa, horar da ma'aikata, rubuta rahoton da za a karanta a Abuja da Janiba. Amma hannunka zai fi taɓa kwamfuta fiye da mita, kuma ba su cika ɗaukar sabon shiga ba, sun fi son wanda ya yi shekaru a wani wuri. Kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, ya dogara da aljihun wani da ke wata nahiya. A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa farkon Yuli an rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi, mutane da yawa da ke ganin sun kafu suka wayi gari babu aiki. In ka shiga nan, ka riƙa ajiya kamar gobe za a sallame ka.

Shagon kanka

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankalin matasa, ita ce kuma na fi hana su farawa da ita. Kasuwa akwai, babu musu. Asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji da wuraren sikanin sun cika Kano, Kaduna, Zariya da Jos, yawancinsu ba su da injiniya, kuma da yawan kayansu 'yan gwanjo ne da ba su da garanti. Madubin duba ƙwayoyin cuta, injin juya jini, kujerar haƙori, tukunyar dafa kaya, injin oksijin na gida da 'yan'uwan mara lafiya suka saya, duk aikinka ne.

Amma ita kaɗai ce hanyar da kai za ka zuba kuɗi kafin ka ga ko kwabo. Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta da tsada. Mita da ƙarfen dalma da sukundirebobi za ka samu a Sabon Gari, wasu ƙananan kayan lantarki kuma a yi maka aike daga kasuwar Alaba ta Legas. Tsadar tana wajen kayan gwaji. Na'urar auna ko wuta na yoyo zuwa jikin mara lafiya, irin ta Fluke, dubban daloli ce. Haka mai kwaikwayon bugun zuciya da ake gwada na'urar sa ido da ita. In babu su, gyara kake yi da ka, na'ura ta kama wuta ka ce ta tashi. Kama wuta daban, aiki daidai daban.

An taɓa kawo mini kwalbar jarirai daga wani ƙaramin asibiti, wai tana zafi fiye da kima. Da na buɗe, sai na tarar wani ya riga ni. Abin da ke yanke wuta in zafi ya wuce iyaka ya dame shi da kashe inji, shi kuwa ya ɗauko guntuwar waya ya tsallake shi, ya naɗe da salatif, ya karɓi kuɗinsa. Inji ya daina mutuwa, mai asibiti ya ji daɗi. Jikin jariri kuwa tsakanin maki 36.5 da 37.5 ake son ya tsaya, bakwaini kuma ba shi da bakin cewa ya ƙone. Allah ne ya tsare, wata nas mai lura ta taɓa katifar ta ji. Wanda ya yi wannan aiki ba mugu ba ne, bai taɓa zama ƙarƙashin wanda zai buge masa hannu ba ne. Abin da nake gudar maka ke nan in ka fara da shago. A asibiti ko kamfani kuskurenka akwai mai kama shi, a shago sai dai mara lafiya ya kama shi da jikinsa.

Sai bashi. "Injiniya, ka dawo ƙarshen wata, Dokta ya yi tafiya." Za ka ji wannan har ka haddace. Ka sayi kayan gyara da kuɗinka a farashin dalar yau, a biya ka bayan wata uku a farashin jiya. Masu daɗewa a harkar suna karɓar kuɗin kaya tun gaba, suna rubuta wa'adin kwanaki a kan takardar farashi, suna kuma lallashin asibitoci su shiga yarjejeniyar dubawa duk wata uku, wadda ita ce ke kawo kuɗin da za a iya dogara da shi. Kowane aiki a rubuta: me aka tarar, me aka canza, wa ya karɓa. Injin hoton ƙashi da duk mai fitar da radiyeshin kuwa yana ƙarƙashin lasisin NNRA, ba abin da za ka taɓa don ka ga bidiyo a YouTube ba ne. In shago ya kafu, babu rufin da ke tare samunka, kuma babu mai korarka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gaskiya ne, amma sai gatarin ya sha wasa tukuna.

Jami'a, ƙirƙira, ko fita waje

Mai sakamako mai kyau da son bincike yana iya bin koyarwa, ya yi digiri na biyu da na uku, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na tallafa wa malaman makarantun gwamnati. Albashin ba shi da yawa, yajin aiki kuma yana cin lokaci, na 2022 wata takwas ya yi. Amma daga wannan layi ne ake samun irin Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya shafe shekaru yana farfaɗo da kwalaben jarirai a asibitocin Najeriya, ya kuma ci kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG ta dala dubu 100 a 2023 saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi. Ƙirƙira ma ba sai a jami'a ba: Virtue Oboro ta fito da gadon Crib A'Glow mai hasken maganin shawarar jarirai da ke aiki da rana bayan ɗanta ya yi fama da cutar. Sai dai daga samfurin farko zuwa rajistar NAFDAC zuwa asibiti ya saya, tafiya ce ta shekaru.

Fita waje kuwa ba hanyar farawa ba ce. Saudiyya za ta nemi rajistar majalisar injiniyoyinta, Ingila da Amurka kowace da nata sharuɗɗan, kuma dukkansu tambaya ɗaya suke fara yi: shekara nawa ka yi, a kan waɗanne na'urori?

| Hanya | Koyo | Kuɗin shiga | Samu | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Asibitin gwamnati | Faɗi, na'urori iri-iri | Kusan babu | Matsakaici, a kan kari | Mai ƙarfi sosai | Da wuya | Mutuwar hannu |
| Kamfani | Zurfi a iri ɗaya ko biyu | Babu, amma akwai ɗauri | Mai kyau | Matsakaiciya | Da jarrabawa | Hanya, wuta, radiyeshin |
| Ƙungiya | Tsari da rahoto | Babu | Mafi yawa | Mai rauni | Sai mai gogewa | Yankewar tallafi |
| Shagon kanka | Abin da ka zo da shi | Mai yawa | Yau da yawa, gobe babu | Ya danganta da sunanka | Ƙofa a buɗe | Kuskure a jikin mara lafiya, bashi |
| Jami'a | Ilimi da bincike | Shekarun karatu | Kaɗan | Mai ƙarfi | Sai sakamako mai kyau | Nisa da asibiti |

Wa ya kamata ya bi ina?

In yanzu ka gama bautar ƙasa, ba ka da mata ba ka da ɗa, kuma tafiya ba ta dame ka ba, nemi wakilin kamfani na gaske. A zaman ganawa ka tambaye su abu uku: wa zan bi a shekarar farko, injiniyoyinku nawa aka tura horon masana'anta, kuma da me ake tafiya Maiduguri. Amsar da suka ba ka za ta gaya maka ko kamfani ne ko mai jaka.

In kai ne babba a gida, iyaye sun tsufa, ana bukatar ka kusa kuma ana bukatar abin da zai shigo kowane wata, gwamnati ce taka in ta samu. Ka fifita asibitin da ke da sashen na'urori mai zaman kansa da tsohon gwani a ciki, ko da ya fi nisa da unguwarku. Wannan hanya ita ce kuma ta fi dacewa da 'yar'uwar da aure ko reno ya hana ta yawon jihohi, tare da aikin koyar da sarrafa na'urorin ɗakin gwaji in an samu a garin da take. Ɗakin haihuwa da na mata ma sun fi sakewa da injiniya mace, wannan na gani da idona.

In gwamnati ba ta samu ba, kamfani bai kira ba, kada ka zauna jiran tsammani. Babban asibitin kuɗi da ke da injiniya, ko shagon wani gwani da ya daɗe, ka je ka zauna ƙarƙashinsa ko da abin da zai ba ka kuɗin mota ne.

In ka riga ka yi shekara huɗu ko biyar a asibiti, ka iya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, kana kuma son tara jari cikin ɗan lokaci, ƙungiya za ta yi maka, muddin ka shiga da sanin ranar fita. In kana kamfani ka gaji da hanya, likitoci sun san lambarka, ka tara abin sayen kayan gwaji da na cin wata shida ba tare da ciniki ba, lokacin shago ya yi. Ka fara da irin na'urorin da ka fi sani, sauran ka tura wa wanda ya fi ka, ka karɓi la'adarka. Mai burin Saudiyya ko Ingila kuwa, ya bi ta kamfani, ya kuma buɗe littafi tun ranar farko yana rubuta kowace na'ura da ya taɓa: sunanta, lambarta, abin da ya same ta, da abin da ya yi mata.